Hutun da Yaya Ta Ɗauka

Talata, 3 ga wata, da hantsi

Yaya ce ta ba ni littafin nan, ta ce in riƙa rubuta duk lokacin da ɗan cikina ya motsa. Yau ya motsa tun da safe. Sauran takardar ba ta ce ga abin da zan yi da ita ba.

An liƙa hotonta a ƙofar shagon kitsona. Ban ce a liƙa ba, ban kuma ce a cire ba. Mai hoton ya goge mata tabon goshinta, ya sa mata wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba tun da Mama ta haife ni. Shekara da shekaru tana karɓar haihuwa a asibitin unguwa, ba wanda ya san ta da murmushi. Da tsawa aka san ta, da kuma sanyin hannu. Kowa Sista yake ce mata, har tsofaffin da suka yi jika da ita. Yanzu wai kujerar majalisa take nema, ita da wani ɗan kwangila. In ta ci, babban birni za ta koma.

Cikina wata bakwai. A zaune nake kitso yanzu, bayana ba ya son tsayuwa.

Laraba, da yamma

Maigidan ya dawo daga tasha murya a shaƙe. Direbobi sun kwashe ranar suna musu a kan Yaya. Ya ce an samu masu cewa mace ba ta shugabanci, amma an fi ƙarfinsu. Wai wani tsohon direban babbar mota ya miƙe ya ce shi da idonsa ya ga Sista ta kori likita daga ɗakin haihuwa ranar da matarsa ke zubar da jini, kuma matar tana nan da ranta. Ya ce macen da ta iya korar likita ba ministan da zai taka ta. Yanzu kowace mota da hotonta a gilashin baya.

Na yi mamaki. Su ne na ɗauka za su ba mu wahala. Maigidan da ko shayinsa ba ya yarda in sa masa sukari da kaina, wai ban san daidai ba, shi ne yau yake yi wa mace kamfe har muryarsa ta dushe.

A shagona kuwa, inda kusan duk matar da ta zauna gabana a hannun Yaya ta haihu, ba mai ɗaga zancen. Su dubi hoton, su ce ta yi kyau, su tambaye ni ko an kawo sabon man gashi.

Juma'a, da safe

Ya motsa. Ni ce ban motsa ba, na rasa ƙarfin buɗe shago.

Asabar, bayan azahar

Matar mahauci ta zo kitso. Ita ce bakin unguwarmu, abin da ta ji da safe kafin rana ta faɗi ya kai ƙarshen layi. Ina tsaga mata kai sai ta yi ƙasa da murya, abin da ba ta saba ba. Ta ce ƙanwarta ta je awo, ta tarar da wata sabuwar yarinya a kujerar Sista, hannu ɗaya a kan cikin mutane, ɗaya a kan waya.

Sannan ta ce, "Ke ce ƙanwarta, ki gaya mini gaskiya. In ba ta ci ba, za ta dawo asibiti?"

Na ce hutu ta ɗauka. Haka ta gaya mana ni da Mama, hutu ne na 'yan watanni. In ba ta ci ba, ta koma bakin aikinta.

Matar mahauci ta ce, "To." Mata huɗu da ke jiran layi a kan benci su ma suka ce to. 

Lahadi, da la'asar

Na je gidan Yaya. Falon cike da maza, takalma har bakin titi. Sakataren jam'iyya yana tsaye yana zana musu inda za a je: tasha, gareji, layin masu walda, mahauta. Na tambaye shi yaushe za a je wa mata. Ya yi dariya ya ce mata ai namu ne, ba a ɓata mai a kan abin da ke hannu. Ya ce wace mace ce za ta ga Sista a takarda ta tsallake ta?

Yaya ta ja ni ɗaki ta kwantar da ni. Ta ɗauko ɗan ƙahon katakon nan nata da take kafawa a ciki ta saurari zuciyar jariri. Ya daɗe a hannunta, bakinsa har ya yi santsi. Ta sa kunne, ta lumshe ido, ta ce yana gudu kamar ubansa a hanya. Ta yi mini faɗa a kan gishiri, ta yi mini faɗa a kan takalmina.

Na ga ƙahon a gida, na ga butar shayinta ta asibiti, da matashin da take sawa a bayan kujera, da fararen takalmanta a leda. Na ce, kin kwaso kaya kamar mai ƙaura. Ta ce ɓarayi sun yi yawa a asibitin, ta shiga wani zancen.

Talata, 10 ga wata, da rana

Na je awo. Sabuwar ba ta da laifi. Yarinya ce mai ladabi, har Anti take ce mini. Ta auna ni da injin da ke ƙara, ta ce komai lafiya. Ta buɗe katina ta karanta, ta ɗago ta ce, "Ayya, na farkon bai zo da rai ba?"

Na ce e.

Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba. A wancan karon Yaya ta tafi kwas. Mako biyu kacal aka ce. Na shiga ɗakin haihuwar nan, baƙin fuska ne suka kewaye ni, kowa yana cewa komai lafiya, komai lafiya. Ba zan rubuta sauran ba. Kayan jaririn suna nan a akwati a ƙarƙashin gado, ban sayi sababbi ba.

Da na fito, gadon da na kwanta a wancan karon yana nan kusa da taga, an dai sake masa zane.

Laraba, da yamma

Musu ya kaure a shago har na ƙona wa wata kunne da abin miƙar da gashi.

Malamar makaranta ce ta tayar da shi. Ta ce mu mata ba mu da kunya, an samu mace ɗaya ta fito, mun yi gum. Ta ce in Yaya ta shiga majalisa za ta kawo motar asibiti da injin wuta da ƙarin ungozomomi. Wata tsohuwa ta ce ita mace ba za ta mulke ta ba, ta ga yadda mata ke yi in sun sami kujera, ko a layin famfo. Wata ta ce ita abin da mijinta ya ce shi za ta yi, sai aka tuna mata mijin nata direba ne, aka yi ta dariya.

Mai kifi ce ba ta yi dariya ba. Cikinta ya fi nawa girma. Ta ce motar asibiti sai shekara mai zuwa in ma za ta zo, ita kuwa wata mai zuwa za ta haihu. Ta ce, "Maza majalisa suke gani. Ba su taɓa kwanciya a kan gadon nan ba."

Malamar ta juyo gare ni ta ce in yi magana mana, ba yayata ba ce? Na ce ina da tsinken kitso a baki. Da gaske ina da shi, amma ni na sa shi.

Mata uku suka sake tambayata zancen hutun. Na ba su amsar da na ba matar mahauci.

Alhamis, da safe

Ya motsa. Na yi mafarkin tagar nan.

Asabar, da magariba

An yi taro a filin makaranta. Maza a gaba suna tafi, mu a baya a ƙarƙashin bishiya. Yaya ba ta iya jawabi ba. Magana take kamar tana sallamar mai jego: a gyara hanya, a kawo ruwa, a daina barin mata suna mutuwa a bayan mota. Direbobi suka yi ta danna ham. Maigidan ya hau saman motarsa yana kaɗa hula, sai da na kau da kai don kunya.

Ɗan kwangilar ko taro bai kira ba. Motocinsa ne ke zagayawa da lasifika. Ban taɓa jin mace ɗaya ta ce tana son sa ba. Ba wadda ta san kalar muryarsa.

A bayanmu wata ta ce, ba da ƙarfi ba, "In ta tafi, wa zai karɓe mu?" Ba wadda ta juya ta ga mai maganar.

Litinin, 16 ga wata, da rana

Na ga jini da safe. Kaɗan ne, amma na san kalarsa.

Maigidan ya kira Yaya. Tana gareji tana gaisawa da makanikai, ta baro su ta zo a bayan babur da rigar kamfe a jikinta. Ta wanke hannu har gwiwa, ta danna nan, ta danna can, ta kafa ƙahonta. Na kafa wa fuskarta ido. Na san fuskar nan, na san yadda take yi in labarin ba daɗi. Ba ta yi hakan ba.

Ta ce yana nan garau. Ta ce in rufe shago in kwanta, in kuma na sake ɗaukar bokitin ruwa za ta karya mini hannu.

Na riƙe rigarta na ce, "Yaya, za ki kasance a wurin?"

Ta ce, "Ina zan je?"

Wayarta ta yi ƙara, Sakatare ne. Ta tafi. Ɗakin ya daɗe yana ƙanshin sabulunta.

Laraba

Kwance. Ya motsa, ya sake motsawa.

Alhamis, da la'asar

Na rufe shago, sai shagon ya biyo ni gida. Mata suna zuwa dubiya, kowace ta zauna a bakin gado ta yi sannu, sannan ta kawo abin da ya kawo ta. Matar mahauci ta ce sun yi shawara, ba don ƙiyayya ba. Ta ce majalisa ta sami wani, su ba su da wata Sista. Ta ce shekara huɗu a babban birni, mata nawa ne za su shiga ɗakin nan ba ta nan?

Na ce mata ta tashi ta ba ni wuri. Na gaya mata baƙaƙe, har da na kitson da take zuwa da kai ba wanki. Ta tashi ba ta ji haushi ba. A bakin ƙofa ta dubi cikina, ba fuskata ba, ta ce Allah ya sauke ni lafiya.

Ina son Yaya. In rubuta wannan don ya zauna a takarda. Ita ta goya ni, ita ta saya mini madubin shago na farko. Ina son ta ci. Kuma ina jin tsoro, tsoron da ke tashina zaune in rasa inda zan sa kaina.

Juma'a, da yamma

Gobe ne zaɓen. Maigidan ya goge takalmi kamar shi ne ɗan takarar. Ya ce in kwanta, ƙuri'a ɗaya ba za ta hana komai ba. Na ce zan je.

Asabar, 21 ga wata, da azahar

Na je. Saboda cikina aka shigar da ni gaba. Mai kifi tana can a layi riƙe da ƙugu, muka haɗa ido, kowa ta kau da kai.

A bayan labulen ba kowa, daga ni sai takardar. Hotonta ne na biyu, da murmushin nan da ba nata ba. Na daɗe a tsaye har jami'in ya yi gyaran murya. Daidai lokacin ya motsa, da ƙarfi, a ƙarƙashin haƙarƙarina.

Na dangwala. Na ninke takardar ƙanana ƙanana har sai da ta ƙi shiga akwati, aka ce in warware.

Tawadar ta kama mini babban yatsa har cikin farce.

Lahadi, da safe

Ba ta ci ba.

Lahadi, da yamma

Maigidan bai ci abinci ba. Ya ce akwatin tasha ta cinye shi kaf, na gareji ma haka, har na mahauta ta yi kankankan. Akwatunan cikin unguwa ne suka kayar da ita, na makaranta da na bayan asibiti. Kuma da ɗan kaɗan. Ya yi ta maimaitawa, da ɗan kaɗan. Ya ce shi bai gane mata ba, matar da ta riƙe muku ƙafa?

Na ce kaina yana ciwo. Na wanke hannu da sabulu, na wanke da lemon tsami. Tawadar tana nan.

Talata, 24 ga wata, da la'asar

Na lallaɓa na je gidan Yaya. Ba takalmin namiji ko ɗaya a ƙofa yau. Mata ne suka cika falon, wasu da goyo, wasu da ciki. Yaya tana zaune da zanen gida, ta rame. Mama tana gefenta.

Matar mahauci ce ta yi magana a madadinsu. Ta ce kada Sista ta ɗauka ƙi ne. Ta ce don so suka yi, sun ga in suka bar ta ta tafi sun shiga uku. Ta ce yanzu komai ya wuce, yaushe za ta dawo?

Yaya ta ce, "In dawo ina?"

Aka ce asibiti mana, in hutun ya ƙare.

Yaya ta dubi Mama, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce ba hutu ba ne. Ta ce ma'aikacin gwamnati ba ya tsayawa takara sai ya ajiye aiki. Ta ajiye tun kafin a buga hoton nan. Kujerar ta sabuwar yarinyar ce yanzu, da takarda.

Mai kifi ta ce, amma ai a shagon ƙanwarki muka ji.

Yaya ta ce, "Ni na gaya mata haka. Mama tana da hawan jini, ita kuma ga halin da take ciki. Na ce in na ci sai su ji da daɗi. Ba laifinta."

Ba wadda ta yi kuka da ƙarfi. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suna neman takalma. Mama ta ce a kawo mata maganinta.

Laraba, da safe

Na tambayi Maigidan ko ya san ta ajiye aiki. Yana ɗaure agogo, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya ce, "Ai kowa ya sani. A tasha ma shi ya sa aka bi ta, an ce macen da ta bar albashi da fansho ba wasa ta zo yi ba."

Na ce wane kowa? Ya tsaya yana kallona. Na ce me ya hana ka gaya mini? Ya ce Yaya ta ce kada a tayar mini da hankali, kuma shi bai ɗauka zancen ya shafi mata ba, ai dokar aiki ce.

Yana bakin ƙofa ya ƙara wata. Ya ce abin haushin, da ta ci, ba za a rantsar da su ba sai bayan wata uku. Da tana nan har in haihu, har in yi arba'in. Kuma wa zai hana 'yar majalisa shiga ɗakin haihuwar ƙanwarta?

Ya tafi aiki. Na zauna a inda nake har rana ta shigo tsakar ɗaki.

Juma'a

An kai mai kifi asibiti. Ban tambaya ba, ba wanda ya zo ya gaya mini.

Ya motsa.

Lahadi, 29 ga wata, da yamma

Yaya ta sami aiki a asibitin wani kamfani, tafiyar kwana biyu a mota. Sun ce ta fara farkon wata ko su ba wata. Tana da yara a makaranta, ga Mama. Ba abin da za ta zauna ta ci.

Ta zo sallama. Ta kwantar da ni, ta kafa ƙahon, ta ce yana nan da gudunsa. Ta rubuta wa sabuwar yarinyar duk abin da za ta lura da shi a kaina, shafi guda cur. Ta ce za ta nemi izini ta zo in lokaci ya yi. Sabon ma'aikaci ba ya samun izini, ta sani, na sani. Ta ajiye ƙahon a kan durowata, ta ce can inji suke amfani da shi, in riƙe mata har ta dawo.

Ta kama hannuna za ta duba bugun jinina, sai ta ga yatsan. Ta shafa tawadar da nata yatsan, ta yi murmushi, na gaske, ba irin na hoton ba.

Ta ce, "Da cikinki da jininki kika tashi kika je. Wannan ɗaya dai na san tawa ce."

Na buɗe baki. Ta ce in daina kuka, ba kyau ga ɗan. Na daina.

Litinin, da safe

Maigidan ya kai ta tasha. Ya ce direbobi sun hana ta biyan kuɗin mota.

Laraba

An yage hoton ƙofar shago, saura gefen goshi. Ya motsa, kaɗan.

Alhamis, da azahar

Tun safe bai motsa ba. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu kamar yadda ta koya mini, na jira. Na kira Yaya, wayar ba ta shiga, can ba a barin su da waya a bakin aiki. Na kira Maigidan, yana hanya, ya ce in sa takalmi in jira shi.

Na sa takalmin. Na ɗauko ƙahon daga kan durowa, na ɗaga riga, na kafa shi daidai inda take kafawa. Na sunkuya iya ƙarfina.

Kunnena ba ya kaiwa.